Kwana a Kan Teku Don Nutso da Kuɗi Kaɗan: Abin da Za Ka Tarar da Abin da Za Ka Ɗauka

Tambaya ɗaya ce take ta dawo mini, kowa da yadda yake yin ta: na ga tallar jirgin nutso mai araha, kwana shida a kan teku, in biya? In na biya kuma, me zan zuba a jaka? Bari in amsa gaba ɗaya a wuri guda.

Jirgin kwana shi ne jirgin ruwan da masu nutso suke tarewa a cikinsa na 'yan kwanaki. A nan ake ci, a nan ake barci, daga nan ake faɗawa ruwa sau uku ko huɗu a yini da tukunyar iska a baya. Yana kai ka inda jirgin jeka-ka-dawo ba ya isa, kuma in ka raba kuɗin da yawan nutson da za ka yi, sau da yawa ya fi zaman otal sauƙi.

Sai dai duk jirgin da ya sauke farashi, akwai inda ya rage. In daga faɗin ɗaki ya rage, ko laushin katifa, ko yawan nama a faranti, ka karɓa hannu bibbiyu, dama araha ba ta ado. In kuwa daga abin da zai ceci ranka ya rage, to wannan ba araha ba ce. Aikinka kafin ka biya shi ne ka gano wanne ne a ciki. Aikinka bayan ka biya kuwa shi ne ka tuna cewa babu kanti a tsakiyar teku.

1. Fara da katinka, ba da hoton jirgi ba

Ɗauko katin shaidarka da littafin da kake rubuta nutsonka. Shaidar matakin farko, wadda ƙungiyar horar da masu nutso ta PADI ke kira Open Water, iyakarta zurfin mita 18. Ta biyu, Advanced, ita ke kai ka mita 30. Wurare da yawa da jiragen kwana ke zuwa, abin kallonsu yana ƙasa da mita 18 ne, don haka mai katin farko zai ƙare da shawagi a sama yana kallon kumfar waɗanda ke ƙarƙashinsa. Jirage da dama suna koyar da mataki na biyu a cikin tafiyar, nutso biyar ne kacal, amma da kuɗinsa daban. Katin wasu ƙungiyoyin horarwa, SSI ko CMAS, yana shiga duk inda na PADI ke shiga.

Sannan ƙirga yawan nutson da ka taɓa yi. Wasu hanyoyin suna da sharaɗi. A Bahar Maliya, alal misali, masu jirage da yawa ba sa kai wanda bai cika nutso 50 ba tsibiran Brothers da tudun murjani na Daedalus, saboda ƙarfin jan ruwa da zurfin wurin.

Gargaɗi: kada ka ƙara wa kanka lamba a takarda. A nutson gwaji na ranar farko ɗan jagora zai gane ka cikin minti biyar, kuma yana da ikon hana ka shiga wasu wuraren ba tare da an mayar maka da ko sisi ba. In ka shekara ba ka shiga ruwa ba, yi darasin tuni tun kafin ka tashi.

2. Zaɓi wuri da wata

Wuraren da aka san su da sauƙin farashi ba su da yawa. Na farko Bahar Maliya ta ɓangaren Masar, inda jirage ke tashi daga Hurghada, Marsa Alam da Sharm el-Sheikh. Jiragen sun yi yawa, gasa ta danne farashi. Hanyar arewa ta fi dacewa da wanda bai goge ba, kuma a nan ne Thistlegorm yake kwance a zurfin kimanin mita 30, jirgin dakon kayan Birtaniya da jiragen yaƙin Jamus suka nutsar a Oktoban 1941, har yau babura da motoci suna jere a cikinsa. Ruwan yankin yana sauka kusan digiri 22 a ma'aunin Salshiyas wajen Fabrairu, ya hau kusan 29 a Agusta. Wannan bambancin shi zai yanke maka kaurin rigar da za ka ɗauka.

Na biyu tsibiran Similan na Tailan, ana tashi daga Khao Lak, tafiyar kwana biyu zuwa huɗu. Tsibiran gandun ruwa ne na gwamnati, ana rufe shi daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Oktoba, saboda haka kada ka shirya hutunka a wannan tsakanin. Na uku Komodo a Indunusiya, daga Labuan Bajo: jiragen katako, ruwa mai ja ƙwarai, kudancinsa kuma da sanyin da ba ka zata ba. Akwai kuma gajerun tafiye-tafiye daga Cairns a Ostareliya. Tsibiran Galapagos na Ekwado da Raja Ampat na Indunusiya kuwa, mai neman araha ya cire su daga lissafi tukuna.

In karonka na farko ne, ɗauki kwana uku ko huɗu. Wanda ya gano a dare na biyu cewa cikinsa ba ya shiri da teku, gara ya zama saura kwana ɗaya a gabansa da a ce saura biyar.

Farashi yana sauka a farkon lokacin nutso da ƙarshensa, da kuma ɗakunan ƙasa masu gado hawa biyu. Ana kuma karya farashin gadajen da suka rage in tafiya ta matso, sai dai tikitin jirgin sama na gaggawa yakan cinye abin da ka tsira da shi.

3. Tambayoyin da za ka aika kafin ka biya

Nan ne nake so ka daɗe. Rubuta wa mai jirgin, ka nemi amsa a rubuce:

Akwai iskar oksijin ta gaggawa, kuma za ta isa har a kai mara lafiya gaɓa daga wuri mafi nisa a hanyar? Ina ɗakin matsin iska mafi kusa, inda ake jinyar mai nutson da iskar naitirojin ta taru ta yi kumfa a jikinsa, kuma tafiyar awa nawa ce? Akwai ma'aikacin da ke zagaye a farke duk dare? Akwai na'urar jin hayaƙi a kowane ɗaki? Ɗakunan ƙasa suna da mafita ta biyu ban da matakala? Kwale-kwalen ceto zai ɗauki kowa da kowa? Akwai wayar tauraron ɗan'adam ko rediyo mai nisan zango? Mutum nawa ɗan jagora ɗaya ke ja a ruwa?

Ba don tsoratarwa na jero su ba. A ranar 2 ga Satumban 2019, jirgin nutso mai suna Conception ya kama da wuta cikin dare kusa da tsibirin Santa Cruz a Kalifoniya ta Amurka, mutum 34 suka rasu a ɗakin barci na ƙasa. Masu bincike sun gano babu mai zagayen dare a farke lokacin da wutar ta tashi. A Nuwamban 2024 kuma Sea Story ya kife a kusa da Marsa Alam, aka yi asarar rayuka. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Yadda aka amsa maka ma amsa ce. Wanda ya ba ka lambobi da hotuna, ya saba da tambayar. Wanda ya ce kawai "kada ka damu, komai lafiya", ko ya yi shiru a kan rabin tambayoyin, nemi wani jirgin. Game da yawan mutane, shida zuwa takwas a hannun ɗan jagora ɗaya abu ne da aka saba gani a jirage masu araha. In sun haura goma, ka san kai da abokin nutsonka ne za ku lura da juna.

In za ka karanta ra'ayoyin waɗanda suka riga ka hawa, bar masu kukan tawul da ƙarancin kayan zaƙi. Nemi masu maganar janareta, warin man inji a iskar tukunya, da yadda ma'aikata suka yi lokacin da wani abu ya lalace.

4. Yi lissafin kuɗi na gaskiya

Farashin da ke kan talla yawanci gado ne, da abinci, da ruwan sha da shayi, da tukunyar iska mai lita 12 ko kusa da haka, da darmar nauyi, da ɗan jagora. Sauran duk a kanka suke: kuɗin shiga gandun ruwa, harajin tashar jirage, ƙarin kuɗin mai da wasu ke ɗorawa, hayar kayan nutso na kowace rana, iskar naitiroks mai ƙarin oksijin, babbar tukunya mai lita 15 in kana da saurin shan iska, motar ɗauko ka daga filin jirgi, lemon kwalba, biza, inshora, otal na daren ƙarshe, da tukwicin ma'aikata. Tukwicin da aka saba bayarwa yana tsakanin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na kuɗin tafiyar, kuma a jirage masu araha babban ɓangare ne na abin da ma'aikatan ke komawa gida da shi. Sa shi a lissafi tun farko, kada ya zama abin da ya rage a aljihu.

Ka ce a aiko maka jimillar duk abin da za ka biya a cikin jirgi. Sai ka tara, ka raba da yawan nutso. Da wannan lambar kaɗai za ka iya kwatanta jirage biyu. Na sha ganin wanda ya fi araha a talla ya zama ya fi tsada a ƙarshe, saboda ɗayan ya haɗa da naitiroks da kuɗin gandu.

Gargaɗi: tafi da tsabar kuɗi, irin waɗanda mai jirgin ya ce yana karɓa, sababbi marasa yagewa. Na'urar kati tana buƙatar sabis, kuma inda take aiki ma akan ɗora ƙarin kaso. Karanta sharaɗin fasa tafiya, ka san abin da zai faru da kuɗinka in jirgin ne ya fasa saboda bai cika ba ko iska ta hana.

5. Inshora da takardar likita

Inshorar tafiya ta gama-gari sau da yawa ba ta ɗaukar nutso, ko kuma ta tsaya a wani zurfi. Nemi wadda aka yi don masu nutso, irin ta DAN, ƙungiyar kula da lafiyar masu nutso, wadda ke biyan kuɗin ɗakin matsin iska da na kwaso mara lafiya daga teku. Jirage da yawa ba za su bar ka ka shiga ruwa ba sai sun ga lambarta.

Za a ba ka takardar tambayoyin lafiya. In kana da asma, ciwon zuciya, hawan jini, ciwon sukari, farfaɗiya, ko an taɓa yi maka aiki a kunne ko ƙirji, sai da sa hannun likita. Karɓo shi tun kana gida, don a bakin tasha ba lallai ka sami likita ba. Mai juna biyu ba ta nutso. Haƙorin da ke damunka ma ka gyara shi, iskar da ta maƙale a rami tana faɗaɗa in kana tasowa.

6. Kayan nutso: na saye da na haya

Ba sai ka mallaki komai ba. Rigar iska, wadda ake hurawa don daidaita shawagi a ruwa, da na'urar shaƙa su ne masu nauyi da tsada, ana iya hayarsu, amma ka aika da awon jikinka da na ƙafarka tun da wuri, domin abin da aka loda a tasha shi ke nan. Akwai kuwa abubuwan da ban yarda mutum ya dogara da na haya ba.

Gilashin fuska. Wanda bai zauna a fuskarka ba zai riƙa shan ruwa sau ashirin a mako, ya ɓata maka tafiyar. Gwajinsa mai sauƙi ne: ɗora shi a fuska ba tare da maɗauri ba, ja numfashi ta hanci, in ya manne ya yi. In sabo ne, goge cikinsa da man goge baki fari sau biyu ko uku don kada ya riƙa yin hazo. Ɗauki maɗauri na biyu. Nawa ya taɓa tsinkewa ana shirin faɗawa ruwa, na yi wannan nutson da aron gilashin da ya matse ni har ya bar mini zane a goshi.

Kwamfutar nutso ta ɗaurawa a hannu. Mai nutso huɗu a yini kwana biyar a jere, naitirojin yana taruwa a jikinsa, kuma ita ce ke riƙe da lissafin. Kowa da tasa, ba a karɓa-karɓa, ba a musanya a tsakiyar tafiya. Sa mata sabon batir kafin ka tashi, ka koyi maɓallanta a gida.

Balan-balan ɗin alama da zarensa. Doguwar jaka ce mai launin lemo da kake hurawa ta tashi sama, don direban kwale-kwale ya gan ka in ruwa ya ja ka nesa. Kan mutum a cikin taguwar ruwa bai fi ƙwallo ba. Koyi harba shi a ruwa mara zurfi, kuma kada ka taɓa ɗaure zaren a jikinka, zai iya fizgar ka sama. Haɗa da usur.

Tocila ta ruwa, babba ɗaya da ƙarama ta ko-ta-kwana, don nutson dare da leƙa cikin tarkacen jirgi.

Rigar roba. Ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska sau 20 da ɗoriya, kuma sanyin taruwa yake yi: abin da ka ji daidai ranar farko, ranar huɗu kana karkarwa. A ruwan digiri 27 zuwa 29 mai kaurin milimita 3 ta isa, a na 22 zuwa 24 sai mai 5 ko fiye, da hular roba. In kana shakka, ɗauki mai kauri. Sa safa siririya a cikin takalmin roba, don filafilan ƙafa suna saɓule fata a rana ta uku, kuma gyambo ba ya warkewa a ruwan gishiri.

Gargaɗi ga mai na'urar shaƙa tasa: bakin tukunya iri biyu ne, DIN mai murɗawa da INT mai maƙalawa. Tambayi wanne ke jirgin, ko ka taho da mahaɗi. Kai na'urar a duba ta makonni kafin tafiya, ka gwada ta a ruwa sau ɗaya bayan gyaran. Ƙara ɗan ƙunshin gyara: zoben roba, abin cizawa na baki, da maɗaurin leda.

7. Jakar tufafi

Nan kowa ke yin kuskure iri ɗaya. Kashi biyu cikin uku na tufafin da ka ninke ba za ka taɓa su ba. Yini guda kana cikin kayan wanka ne, ko rigar roba, ko tawul. Na mako guda: kayan wanka uku don kullum a sami busasshe, riguna marasa nauyi uku ko huɗu, wando biyu, riga mai dogon hannu saboda rana, rigar sanyi ɗaya mai tare iska don bayan nutson dare, hula, tabarau, da kaya ɗaya mai tsabta a leda na ranar komawa. Takalmi ƙafa ɗaya ya isa, tun a bakin jirgi ake karɓe shi, sai ranar sauka.

Jakar ta zama mai laushi wadda ake naɗewa. Akwati mai tauri ba shi da wurin zama a ɗakin da faɗinsa bai fi ka miƙa hannu biyu ba. Duba nauyin da kamfanin jirgin sama ya yarda da shi, musamman ƙananan jirage na cikin gida, waɗanda iyakarsu ba ta kai kilo 23 da aka saba a doguwar tafiya ba.

Ƙananan abubuwa masu babban amfani: tawul mai saurin bushewa, domin jirage masu araha sukan ba da ɗaya tak, maƙalan shanya masu ƙarfi, in ba haka ba iska ta kai wa kifi wandonka, gorar ruwa, abin toshe kunne saboda janareta da mai minshari, ƙaramar jaka mara shan ruwa, mahaɗin soket na ƙasar da za ka, littafi ko abin saurare da ka sauke tun a gida, don intanet sai an yi sa'a. Man kare fata daga rana kuma duba abin da ke cikinsa: tun 2021 Tailan ta hana shiga gandayen ruwanta da mai ɗauke da oxybenzone ko octinoxate, saboda illarsu ga murjani.

A jakar hannu, wadda ba ta rabuwa da kai a jirgin sama, sa fasfo, katin shaida, takardar inshora, magunguna, kwamfutar nutso, gilashin fuska, kayan wanka ɗaya, da duk batiran litiyom da ba sa cikin na'ura, waɗanda dama doka ba ta yarda a sa su a kayan ƙasa ba. In babbar jakarka ta ɓace, jirgin ruwa ba zai jira ta ba. Saboda haka ma ka iso garin kwana ɗaya kafin ranar tashi.

8. Magunguna

Maganin jirin teku shi ne na farko. Akwai ƙwayoyi irin meclizine da dimenhydrinate, akwai kuma na mannawa a bayan kunne. Gwada wanda ka zaɓa a gida tukuna, domin wasu suna sa barci, kuma mai gyangyaɗi ba shi da aiki a zurfin mita 25. Sha shi kafin jirgi ya tashi, ba bayan amai ya fara ba. In jirin ya zo, fito waje, zauna a tsakiyar jirgi, kafa ido a inda sama ta haɗu da ruwa. Ɗakin ƙasa da banɗaki su ne mafi munin wurin ɓuya.

Na biyu kunne. Wanke shi da ruwan daɗi bayan kowane nutso, ka bar shi ya bushe, kada ka sa masa tsinken auduga. Nemi maganin ɗigawa na masu ninƙaya. Ƙara filasta mara jin ruwa, maganin ciwon kai, na gudawa, gishirin mayar da ruwan jiki, da maganinka na kullum da rarar 'yan kwanaki.

Gargaɗi: kada ka yi nutso da mura. Maganin buɗe hanci zai iya sakinka kana ƙasa, iska ta kasa fita daga kunne lokacin tasowa, kuma tasowa dole ce.

9. Awar farko a cikin jirgi

Za a duba takardunka, a nuna maka gado da wurin zamanka a dandamalin nutso. Wannan wurin naka ne har ƙarshe: nan tukunyarka za ta zauna a riƙa cika ta, ƙarƙashinsa akwai kwandon kayanka. Haɗa kayanka, buɗe iska, shaƙa, hura rigar ka saurari ko tana yoyo, tun jirgi yana tasha ana iya musanya.

Daga nan sai abin da mutane ke wasa da shi. Bayan bayanin tsaro, koma ɗakinka ka taɓa rigar cetonka da hannu. Je ka buɗe mafita ta biyu da kanka, ka tabbata ba a jibge kaya a kanta ba. Bi hanyar daga gadonka zuwa waje kana ƙirga ƙofofi, yadda ko a duhu za ka iya. Sa fasfo, waya, magani da ƙaramar tocila a jakar nan mara shan ruwa, ka rataye ta inda hannunka zai kai kana kwance. Caji kuwa a inda aka ware kawai, ba a kan katifa ba, ba kuma cikin dare kana barci ba.

10. Yadda yini ke tafiya

Ana tashi wajen ƙarfe shida na safe ko kafin nan. Shayi da biskit, bayanin wurin da za a shiga, nutson farko, sannan karin kumallo. Na biyu kafin rana ta take, sai abincin rana da ɗan barci. Na uku da la'asar, na huɗu bayan faɗuwar rana inda aka yarda da shi. Kowanne minti 45 zuwa awa ɗaya. Ƙararrawa ce ke kiran mutane, kuma masu nutso suna da wata dabara ta gane ta: in gashinka a bushe yake, ruwa za a shiga, in a jiƙe yake, abinci ne.

Kada ka makara a bayani. Nan ake faɗa maka ta ina ruwa ke ja, iyakar zurfi, da abin yi in ka rabu da jama'a. Tukunya tana farawa da matsin iska kimanin 200 a ma'aunin bar, ana so ka fito da 50. Taso a hankali, kada ka wuce saurin da kwamfutarka ta yarda, ka tsaya minti uku a mita 5. In za ka yi amfani da naitiroks, wato iskar da aka ƙara wa oksijin daga kashi 21 zuwa kimanin 32, sai kana da katinsa. Yana ba ka ƙarin lokaci a ƙasa, amma yana rage maka zurfi: mai kashi 32 iyakarsa wajen mita 33. Auna tukunyarka da kanka kowane karo, ka rubuta, ka saita kwamfuta.

Ba dole ba ne ka yi kowane nutso. Na san zafin kuɗin da aka biya, amma wanda ya huta sau ɗaya don kunnensa ya ɗan yi nauyi yakan ƙarasa makon, wanda ya matsa yakan ƙare a kan benci yana kallon wasu. Sha ruwa fiye da yadda kake jin ƙishi. Wanda ya sha barasa kuwa, nutsonsa na ranar ya ƙare, haka dokar jirage take.

Gargaɗi: ciwon gaɓoɓi, dindiris a hannu ko ƙafa, ƙuraje masu ƙaiƙayi ko shatar fata, jiri, ko gajiyar da ta wuce misali bayan nutso, faɗa wa ma'aikata nan take, domin suna iya zama alamun kumfar naitirojin. Kada kunya ta sa ka kwanta ka ce zai wuce, kada kuma ka koma ruwa.

11. Zama da jama'a

Ɗaki ƙarami ne, mai yiwuwa da baƙon da ba ka taɓa gani ba, banɗaki kuma na tarayya. Ruwan daɗi a ƙididdige yake: jiƙa jiki, kashe famfo, sa sabulu, ɗauraye. Takardar banɗaki a kwando ake sa ta, bututun jirgi ba ya ɗaukarta. Kada ka shiga falo da jiƙaƙƙen kaya. Bokitin ɗauraye kyamara na kyamara ne kaɗai. In akwai abin da ba ka ci, faɗa tun lokacin biyan kuɗi, don mai girki sau ɗaya yake cefane.

12. Nutson ƙarshe da hanyar gida

Lissafa tikitin komawarka daga nutson ƙarshe, ba daga lokacin sauka ba. Ƙa'idar DAN ga wanda ya yi nutso da yawa kwanaki a jere ita ce aƙalla awa 18 kafin hawa jirgin sama, masu jirage da yawa kuma cewa suke 24. Ni 24 nake bi. Hawa dutse ma haka yake, domin matsin iska ne ke raguwa: wanda ya sauka a Sharm el-Sheikh kada ya kama hanyar Dutsen Sina'i a daren nan.

Da an fito daga nutson ƙarshe, ɗauraye kayanka da ruwan daɗi, ka juya rigar roba ka shanya a inuwa, don jiƙaƙƙiya tana ƙara nauyi a sikelin filin jirgi, tana kuma wari. Kai littafinka ɗan jagora ya buga hatimi. Duba takardar bashinka layi-layi kafin ka biya, sa tukwici a ambulan ɗin da za a zagaya da shi, ka leƙa igiyar shanya da wurin caji, nan ake mantuwa. In ka taka ƙasa ka ji tana lilo da kai, ba wani abu ba ne, yakan ɗauki kwana ɗaya ko biyu kafin ya sake ka.